Ƙashin da Ba Nasa Ba

Talata, 15 ga Afrilu 1980, da hantsi

Na iso Mafara jiya, na sauka gidan Gwaggo Taiba, ƙanwar Baba. Ta share mini ɗakin da ke kusa da zaure, ta ce nan babu mai damuna. Jarrabawarmu a farkon Yuni take. Darasin da nake tsoro shi ne na Malam Ɗantala, ilimin nazarin ɗan Adam, don shi ba ya son hadda, so yake kowace magana ka kawo mata misali daga gidanku. Rassa uku zai tambaye mu: na al'ada, na jiki da ƙashi, da na tonon kufai.

Yau kasuwa ke ci. Baba ya shigo daga Birnin Tudu, ya tarar da ni da littafi. Bayan mun gama gaisawa ya ce, "Mi kaka karantawa wanga karo?"

Na ce, "Ɗan Adam, Baba. Yadda yake zama da mutane, da yadda jikinsa yake, da abin da ya bari a ƙasa in ya wuce."

Ya ce, "Ashe da ka huta da tafiya Zariya. Ga mu nan birjik."

Ya yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Na tambaye shi Yaya Jatau, ya ce yana bakin hanya. Manoman ƙauyukanmu sun tare hanyoyin da ke shiga madatsar ruwan Bakolori a kan maganar gonakinsu da aka baje, damina ta wuce, wata ta wuce, ba a shuka ba. Yaya na cikinsu tun farko.

Alhamis, 17 ga Afrilu, bayan la'asar

Al'ada ba a jini take ba, koyonta ake yi. Ita ce duk abin da mutum ya ɗauka wajen mutanensa: harshe, gaisuwa, abinci, abin kunya, yadda ake aure da yadda ake binne mamaci. Misali daga gida: ban zo duniya da sanin riƙon fartanya ba, Yaya ne ya koya mini, da ranƙwashi.

Zafi ya yi yawa. Gumi ya jiƙa mini shafi biyu.

Lahadi, 20 ga Afrilu, da yamma

Na je Birnin Tudu. Ban gane gonarmu ba. Babu ɗorawar, babu kanyar, babu gamban da ke raba mu da maƙwabta. Fili ne kawai shimfiɗe kamar an goge shi da tafin hannu.

Suwaiba, matar Yaya, cikinta ya tsufa sosai, amma bakinta yana nan. Tana ganina ta ce, "Ga miji na biyu ya dawo! An ce ƙashin matattu kake karatu. Da ka faɗi mani, da na tara maka na miya."

A littafi wannan shi ne wasa tsakanin dangi, wai yana rage nauyi inda zama zai iya yin tsami. Na faɗa mata, ta ce ita ba nauyi take ragewa ba, gaskiya take faɗi.

Na sami Yaya a bakin hanya, suna zaune a inuwar wata rumfar zana, an gitta itace a kan titi. Ya rame. Na ce masa Malam Ɗantala ya koya mana cewa mai nazari na gaske zama yake yi cikin mutane, ya ci abin da suke ci, ya gani da idonsa, don haka zan yini da su.

Ya ce, "Mu ba darasi ba ne, Zubairu. Tashi ka koma ga takardunka."

Na ce ai gonata ce ni ma.

Ya ce, "Gida guda, mutum guda ya isa. Tashi."

Ya rako ni har inda ake hawan mota, ya saya mini rake. Ban so na karɓa ba don ina jin haushinsa. Na karɓa.

Laraba, 23 ga Afrilu, da safe

Tonon kufai. Ƙasa hawa-hawa take kwanciya, abin da ke ƙasa ya girmi abin da ke sama, sai fa in wani ya tona ya hautsina. Abu kuma in an ɗauke shi daga inda yake kwance ba a lura da abin da ke kewaye da shi ba, rabin labarinsa ya tafi. Kasko a hannu kasko ne kawai. Kasko a cikin toka, kusa da murhu, gida ne.

Ina ta tunanin abin da motocin nan masu baje ƙasa suka hautsina.

Juma'a, 25 ga Afrilu, bayan masallaci

Motoci sun wuce ta tsakiyar gari cike da masu kaki. Ba wanda ya ɗaga musu hannu. Gwaggo ta kwashe shanyarta tun rana ba ta yi sanyi ba.

Asabar, 26 ga Afrilu, da hantsi

Muna jin ƙara daga nan. Gwaggo ta ce tayar mota ce ta fashe. Taya ba ta fashewa a jere haka.

Asabar, da la'asar

Hayaƙi ta wajen gida. Ban yi karatu ba.

Lahadi, 27 ga Afrilu, da azahar

Baba da Suwaiba sun iso da ƙafa, cikin wasu mutanen garinmu. Baba buta kawai ya riƙo. Ƙafafun Suwaiba sun kumbura har Gwaggo ta sa su cikin ruwan ɗumi.

Ba su zo da Yaya ba.

Litinin, 28 ga Afrilu, da safe

Ba wanda ya ce komai. Ni ma ban tambaya ba. Tsakar gidan Gwaggo ya cika da mutanen da ban sani ba, kowa zaune, yara ma ba sa kuka. Na bar wa Baba ɗakina, na koma zaure da littattafaina.

Laraba, 30 ga Afrilu, bayan magariba

Ni da Baba mun je Bakura, daga nan Damri. Duk gidan da aka ce an ga baƙi mun yi sallama. Mun ga abin da muka gani. Ba zan rubuta shi nan ba.

Yaya ɗan farin Baba ne, tun da nake ban taɓa jin ya kama sunansa ba. Ko yau sai ya ce, "Wani dogo, ja, da shuɗiyar riga." Sai ni in ƙara, "Sunansa Jatau, ɗan Malam Barau na Birnin Tudu." Wani ya ce ya gan shi da safiyar Asabar yana ɗaga wani tsoho. Wani ya ce an sa shi a mota. Wata mata ta ce masu gudu da yawa Maradun suka nufa. Duk wanda ya yi magana sai ya waiga tukuna.

Juma'a, 2 ga Mayu, da hantsi

Yau ya kamata in koma makaranta. Ban haɗa kaya ba, ba kuma wanda ya tuna mini.

Na buɗe babin dangantaka. Iri biyu ce, ta jini da ta aure. Akwai yadda ake zana ta: namiji alama mai kusurwa uku, mace da'ira, layi biyu tsakaninsu in aure ne, 'ya'ya a ƙarƙashi. Wanda ya rasu sai a ja masa layi a gicciye. Na zana gidanmu don gwaji. Na ja wa Inna layinta, Allah ya ji ƙanta. Na zo kan Yaya, na tsaya da biro a sama har tawada ta ɗiga gefe.

Littafin bai faɗi alamar da ake yi wa irinsa ba.

Lahadi, 4 ga Mayu, da yamma

Bukukuwan sauyin matsayi: haihuwa, kaciya, aure, mutuwa. Kowanne mataki uku ne. A raba mutum da matsayinsa na da, ya zauna a tsakani, sannan a shigar da shi sabo. Malam Ɗantala ya ce na tsakiyar ne mai hatsari, don mutum ba ya nan, ba ya can, shi ya sa kowace al'umma take yi masa iyaka.

Mata sun zauna a kan maganar Suwaiba. Wasu suka ce ta shiga takaba, in ta haihu ta fita. Gwaggo ta aika aka tambayi liman, ya ce babu takaba sai da tabbacin mutuwa. Ita dai tana zaune bakin ƙofa. Kitsonta ya tsufa, ba ta tsefe ba, ba ta sake ba. Na wuce ta gabanta da gangan ko za ta tsokane ni. Ta ce, "Sannu, Zubairu," kamar baƙo.

Talata, 6 ga Mayu, da la'asar

Wani makiyayi mai suna Bello, mutumin Damaga, ya zo kasuwa yana neman gidan da aka ce ana cigiyar mutum mai shuɗiyar riga. Ya ce ruwan tafkin madatsa ya ja baya da zafin nan, ya kai shanu sha, ya ga ƙasusuwan mutum a gaɓa, da tsumman shuɗi kusa. Bai taɓa ba. Ya dai sa ƙaya ya kewaye wurin saboda karnuka.

Baba ya yi masa godiya mai tsawo. Ya sa Gwaggo ta sayo farin yadi. Ba a faɗa wa Suwaiba ba, amma ta ga yadin.

Laraba, 7 ga Mayu, bayan magariba

Zan rubuta yadda aka yi, don kada gobe in canza wa kaina shi.

Mun hau mota zuwa Maradun, Bello ya tarbe mu, muka taka zuwa bakin tafki. Wurin tsohon kufai ne da ruwa ya ci. Ruwa ya zaizaye gaɓar ta tsaya kamar bango, ta kai mini kafaɗa. Tsumman yana sama, maƙale a saiwar wani busasshen itace. Baba ya ciro shi, ya juya, ya ce, "Irin rigarsa ce."

Irin ta ce. Irin ta rabin mazan ƙasar nan ce.

Ƙasusuwan ba a sama suke ba. A jikin gaɓar suke, can ƙasa, wasu sun zubo. Na durƙusa. Daga sama laka ce sabuwa ta tafki. Ƙarƙashinta baƙar ƙasar noma. Ƙarƙashin wannan toka da gawayi da fasassun tukwane masu zanen igiya, irin da ban taɓa gani a kasuwa ba. Ƙarƙashin tokar ne mutumin yake, a naɗe, gwiwa kusa da haɓa. Ba a hautsina hawa ukun nan ba, layinsu a miƙe yake. Ƙashin ya yi launin ƙasa, ba nauyi, yana marmashewa. Haƙoran sun cinye har sun yi lebur. Na share ƙashin ƙugu da yatsa, na gan shi da faɗi, a buɗe. Kusa da wuya akwai 'yan duwatsun ado.

Na san abin da na gani.

Baba ya ce, "Kai ka karanci wanga abu. Shi ne?"

Na ce, "Ba shi ba ne, Baba."

"Duba da kyau."

"Mace ce, Baba, tsohuwa. Ta daɗe a nan tun kafin kakanninmu."

Ya durƙuso kusa da ni, ya rage murya don kada Bello ya ji. Ya ce, "Zubairu, ƙashi ƙashi ne. Wa zai sani? Yarinyar can ba ta ci, ba ta barci, ga ciki. Ni ma na gaji da ƙofofin mutane. Ka ce shi ne, mu sallace shi, mu rufe, kowa shi san inda yake."

Na ce, "In ya dawo fa?"

Ya ce, "Kai ba ka nan ran Asabar."

Ban tambaye shi abin da ya gani ba.

Na daɗe ina kallon ƙashin ƙugun nan. Wallahi na so in faɗa. Kalma biyu ce, kuma da ba wanda zai ƙaryata ni, ni ne mai boko. Na ce, "Ka gafarce ni, Baba. Ba zan iya ba."

Ya miƙe, ya juya wajen ruwa da tsumman a hannu. Sai na ji ya ɗaga murya ya ce, "Jatau!" Sau ɗaya. Shanun Bello suka ɗago kai. Ni da Bello muka sunkuyar da namu.

Da ya dawo idonsa a bushe yake. Bello ya ce to ita wannan yaya za a yi da ita, ga shi ba kwanciyar Musulmi ta yi ba, ba a san addininta ba. A makaranta an koya mana kada mu auna mutanen da da ma'auninmu, an kuma koya mana kada a ɗaga irin wannan sai an auna an zana. Ban ce ko ɗaya ba. Baba ya ce, "Ko wace ce, uwar wani ce. Damina na zuwa, ruwa zai tafi da ita."

Muka kwashe ta a hankali cikin farin yadin, har da duwatsunta. Muka hau tudu inda ruwa ba ya kaiwa, muka haƙa da fartanyar Bello. Baba ya ce a kwantar da ita yadda muka same ta, a naɗe. Ba mu yi mata salla ba. Ya dai tsaya a kanta ya ce Allah ya san bayinsa.

A mota bai zauna kusa da ni ba.

Alhamis, 8 ga Mayu, da safe

Na gaishe da Baba. Ya amsa da kai.

Asabar, 10 ga Mayu, da azahar

Suwaiba ta same ni a zaure, ta zauna a bakin ƙofa da ƙyar.

Ta ce, "Gwaggo ta faɗa mani. Ka tabbata?"

Na ce na tabbata. Na fara yi mata bayanin toka da haƙora, ta ɗaga hannu.

"Ban tambaye ka karatu ba. Ka tabbata ba yayanka ba ne?"

"Ba shi ba ne."

Can ta ce, "Da ka ce shi ne, da na yarda. Da na yi kuka na huta." Ta dube ni. "Amma da ban yafe maka ba in na gane."

Ban san ko godiya ce ko zargi ba. Da rana ta ci tuwo, Gwaggo ta ce rabin malmala.

Litinin, 12 ga Mayu, da hantsi

Bambancin launin fata da tsawo da gashi a sama yake kawai, ɗan Adam iri ɗaya ne. Na karanta layin nan ya fi a ƙirga. Bai zauna ba.

Laraba, 14 ga Mayu, da yamma

An sako wani mutumin garinmu daga inda aka tsare su a Sakkwato. Muka je ni da Baba. Ya ce suna da yawa a can, ɗaki-ɗaki, bai ga kowa da kowa ba. Bai ga Yaya ba. Bai kuma ce ba ya nan ba. Baba ya tambaye shi ta hanya uku, amsar ɗaya ce.

A hanyar dawowa Baba ya miƙo mini ɓarin goro. A da ba ya ba ni goro. Na ci, duk da ɗacinsa.

Juma'a, 16 ga Mayu, da hantsi

Suwaiba ta sauka. Namiji. Dada, tsohuwar ungozomar unguwa, ta ce lafiya lau. Baba ya yi masa kiran salla a kunne, muryarsa ta karye a tsakiya, ya sake daga farko.

Talata, 20 ga Mayu

Hadari ya haɗu ta gabas, ya watse. Mutanen garinmu da ke gidan nan duk sun fito suna kallon sama. Ba wanda yake da inda zai shuka.

Juma'a, 23 ga Mayu, da yamma

An yi suna. Ba taro, ba maroƙi. Baba ya sayar da agogonsa ya sayi ɗan rago. An raɗa wa yaro Isa.

Bayan maza sun watse na shiga kai wa Gwaggo goro. Mata suna zaune, Dada tana riƙe da jaririn tana yi masa wasa. Sai ta ce, "Kai, Audi, buɗe ido ka ga mutane." Audi shi ne sunan da ake kiran yaron da ubansa ya rasu yana ciki. Ba da mugunta ta faɗa ba, bakin tsufa ne. Wata ma ta maimaita.

Suwaiba ta miƙe daga kan gado, ta karɓe ɗanta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Dada, ke kin ga gawa?"

Dada ta ce, "A'a, ɗiyata."

"Wa ya gani cikinku?"

Ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"To kada wadda ta sake kira mani ɗa Audi."

Baba yana tsakar gida yana alwala, ya ji komai. Na ɗauka zai yi shiru, don ba ya shiga maganar mata. Ya ajiye buta, ya matso bakin ƙofa, ya ce, "Sunansa Isa. Haka za ku kira shi. Laƙabi kuwa na uba ne, a bar mashi."

Ya juyo ya gan ni tsaye da goro. Ya ce, "Kai kuma yaushe ne jarrabawar?"

Na faɗa masa.

Ya ce, "Gobe ka tafi."

Asabar, 24 ga Mayu, da sassafe

Na haɗa kaya. Babi huɗu ban buɗe su ba, zan karanta a mota in hanya ta bari. Na shiga yi wa Suwaiba sallama, tana shayar da Isa, ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Motarku tana tsayawa Gusau?"

Na ce tana tsayawa, da Funtuwa ma.

Ta ce, "In kun tsaya, kada ka zauna cikin mota da littafi. Ka sauka ka duba fuskokin mutane."

Na ce zan duba.